Ɓarawon Da Ya Share Turke

Ranar Laraba da hantsi ragon sunan gidan Alhaji Nu'uman ya ɓace a Ƙofar Guga, saura kwana biyu a raɗa wa jikarsa suna. Kafin azahar an aiko mini har Ƙofar Marusa. To, wa za a aika wa? Duk faɗin Katsina, in ƙasa ta ga abu ta yi shiru, mutum ɗaya take faɗa wa, ni Zakari Mai-sawu. Ban san ƙofar makarantar boko ba, amma na bi sawun shanu arba'in daga bayan Batsari har cikin Nijar, na dawo da talatin da tara. Ɗayar ma kura ta ci, na kawo ƙahon shaida. Agana ta kama ni ta gaji ta sake ni. Kububuwa ta sare ni, ita aka binne. Ɓarayin daji sun ɗaure ni kwana goma sha ɗaya, ga ni nan ina cin gorona da haƙora shida.

Na iske kangon da ake ɗaure dabbobi, jikin gidan Alhaji, cike da mutane. Na ce kowa ya tsaya inda yake, wanda ya motsa shi ne ɓarawon. Har liman ya daskare.

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi kamar tuwon jiya. Awaki uku na nan a ɗaure. Turken rago babu rago, babu igiya, kuma ba yanke ta aka yi ba, kwancewa aka yi a natse. Sai abin da ya tsaya mini a rai: an share gindin turken tas, an tara kashin a kusurwa, an cika wa awakin kwano da ruwa.

Na ce, "Alhaji, wa ya yi shara nan?"

Ya ce, "Ba kowa, Baba Zakari. Mata na ciki da 'yan barka. Ni nike duba su da kaina, sai bayan la'asar."

Ga sawun silifa ƙarami, dugadugin hagu ya cinye, taku gajere. Ga sawun rago a gefensa. Rago in ana jan sa dole, kafe ƙafafun gaba yake, ya bar layi biyu a ƙasa. Wannan kuwa tafiya yake kamar za shi gidan surukai. Na bi su taku talatin zuwa bakin lungu, nan na iske wani garken tumaki da awaki ya wuce ya tattake komai. Na tsine wa garken, na dawo.

* * *

Kafin in buɗe baki, Malam Yari ya riga ni. Tsohon masinja ne, gidansa na kallon kangon, kwaɗo uku ne a ƙofarsa. Babu wanda bai taɓa kai ƙara wurin mai unguwa ba, har mai kiran salla, wai da gangan yake juya lasifika wajen tagarsa.

Ya ce, "Mi ake nema a ƙasa? Ɗanliti ne. Kwana uku ina ganin shi yana rage gudu a ƙofar kangon nan."

Ɗanliti ɗan kabu-kabu ne, magidanci, cikin mutanen ƙauye da ɓarayin daji suka koro birni. Ɗaki biyu ya kama a ƙarshen lungu, shi da matarsa Jummai da tsohuwarsa. Ka san halin birni da baƙo. Nan take aka fara: dama tun da mutanen nan suka zo kaji ke ɓacewa, dama idonsa bai yi kama da na mai gaskiya ba.

'Yan sanda suka zo, aka buɗe gidan. Ga igiyar rago an naɗe ta da kyau, an rataye a ƙusa. Alhaji ya shaida ta. Ɗanliti ya dubi igiyar, ya dubi labulen ɗakin ciki.

Ya ce, "Ni ne. Mu tafi, kar a shiga ciki."

Na ce, "Kai, ƙafarka kamar faranti! Wannan ba sawunka ba ne."

Alhaji ya dafa ni. "Baba Zakari, ya amsa da bakinshi. Allah ya saka da alheri, a sha ruwa."

A sha ruwa! Ni da na yi kwana uku a dajin Rugu ina lasar raɓa. Aka sayo wani rago, aka yi suna ranar Juma'a, ban je ba.

* * *

Ranar Asabar da safe Barista Rashida ta yi sallama a zaurena. 'Yar unguwarmu ce, tun tana rarrafe na san ta, yanzu lauya ce mai tsaya wa waɗanda ake tuhuma, musamman marasa galihu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta tambayi damina, ta tambayi ƙafar da macijin ya sara.

"Ƙafa lahiya lau, ɗiyata. Macijin ne ba lahiya."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Baba, Ɗanliti na hannuna. Alhamis za a shiga kotu. In ya maimaita gaban alƙali cewa shi ne, kurkuku zai tafi, ba abin da zan iya yi. Ga mata, ga tsohuwa, ba mai ciyar da su."

"To ai ya ce shi ne."

"Ya ce. Na tambaye shi ina ragon, ya ce ya sayar wa wani da bai sani ba. Na ce a kan mi ya ɗauke shi, ya ce a kan babur. Alhali mutum huɗu sun gan shi a tasha tun safe har azahar. Baba, a aikin nan na koyi cewa ba kowane 'ni ne' ba ne gaskiya. Wani tsoro ke sa shi. Wani ciwo ne a kansa, ko mi aka ɗora mashi sai ya ɗauka. Wani kuma akwai wanda yake karewa."

"Shaidar Yari fa?"

"Malam Yari ba maƙaryaci ba ne, abin da zuciyarsa ta nuna mashi yake faɗi. Akwai ciwon da ba ya kawo zazzaɓi, a hali yake zama. Mai shi ya ga kowa na ƙulla mashi sharri, shekara da shekaru, shi kansa ba ya hutawa. Zan iya rusa shaidarsa a kotu, amma ba ni son in tozarta dattijo. An ce kai ka ce sawun ba na Ɗanliti ba ne."

Na gyara zama. Kwana uku ke nan ba wanda ya tambaye ni.

* * *

Na fara da mahauta. Na zaga rumfuna biyar, na bi ta wurin masu sayen fata, ina neman farar fata mai baƙin kunne ɗaya, domin kamannin ragon ke nan. Na sha ƙarni har ya zauna mini a gemu. Babu.

Sai zuciyata ta koma kan Yari. Mai saurin nuna yatsa, sau da yawa hannunsa yake ɓoyewa, kuma sun daɗe suna rigimar kwata da Alhaji. Ranar Lahadi na buga ƙofarsa. Ya buɗe ta faɗin tafin hannu.

"Wa ya aiko ka?"

"Ƙafata ta kawo ni. Miƙo taka in gani."

Ya turo ƙafar dama ta kafar ƙofa. Doguwa, cikin takalmin roba, yatsu a baje. Ba ita ba ce. Na ji kunya kaɗan, abin da ba kasafai nake ji ba.

Ya ce, "Kun haɗa baki da su Ɗanliti, na sani. Har tsohuwar tasu leƙen asiri take mani. Kullum da hantsi sai ta fito bakin lungu ta tsaya tana waige-waige. Mi take nema in ba ni ba?"

"Ranar Laraba ka gan ta?"

"Ranar ina ban ɗaki. Sun san lokacin da nike shiga."

Ya rufe ƙofa, na ji kwaɗo ɗaya, biyu, uku. Na tsaya a lungun ina jin tausayinsa. Mutumin da ya mai da duniya duka 'yan sanda, shi kaɗai fursuna.

* * *

Litinin da hantsi na je gidan Ɗanliti. Jummai ta leƙo, idanu sun kumbura. An ɗaure ƙyauren da waya ta ciki. Na ce gaisuwa na zo yi wa tsohuwa, ba wani abu ba. Da ƙyar ta kwance.

Inna Baraka na zaune a tabarma, fes da ita, kallabi a ɗaure, carbi a hannu. Ta tarbe ni kamar ta san ni.

"Maraba, maraba! An zo lahiya? Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya ruwa wajenku, gero ya yi kai?"

Na amsa duka. Ta sunkuya ta ja carbinta kaɗan. Sai ta ɗago ta dube ni da fara'a sabuwa.

"A'a, baƙo muka yi? Maraba! An zo lahiya? Ya ruwa wajenku?"

Na sake amsawa, kamar yanzu na shigo. Idona na kan silifanta a bakin tabarma. Ƙanana. Dugadugin hagu ya cinye.

 Ina tunanin ta inda zan ɓullo, sai murya ta taso daga lungu, tare da kukan awaki: "A sako! A sako!"

Asako ke nan, makiyayin da ke zaga unguwa da safe yana tattara dabbobin mutane ya kai su kiwo bayan gari, da yamma ya maido su, kowace ta shige gidansu da kanta. Mai dabba ya kwance ta, ya miƙa, ya riƙe igiyarsa sai ta dawo.

Tsohuwar nan da na ɗauka ba ta iya miƙewa sai da sanda, zumbur ta tashi.

"Jummai! Asako zai wuce, Ɗan-kunne bai fita ba! Ina tsintsiya? Kullum sai na faɗa maku, ba a sakin dabba a bar mata turke da ƙazanta."

Ta nufi ƙofa. Jummai ta rungume ta ta baya tana cewa, "An kai shi, Inna, an kai shi tun ɗazu," hawaye na zuba. Tsohuwa ta ce, "To, madalla," ta koma ta zauna, ta ɗauki carbinta.

Garken da na tsine wa! Ashe ba ɓata sawun ya yi ba, cikinsa sawun ya shiga. Shekara hamsin ina wannan aiki, sau ɗaya ke nan ƙasa ta yi mini magana na juya mata baya, kuma ko shi don ina jin yunwa ne.

Jummai ta raka ni soro, ta faɗa mini da ƙaramar murya. A ƙauye Inna na da farin rago mai baƙin kunne, da hannunta ta shayar da shi da uwarsa ta mutu. Ranar da aka tashe su, ɓarayin suka tafi da shi. Tun daga nan kanta ya fara zubar da abubuwa, yau sunan jika, gobe hanyar gida. Ranar Laraba Jummai ta tafi niƙa, ta dawo ta iske ta tana rataye igiya a ƙusa. An tambaye ta ta ina, ta ce wace igiya?

"Maigida ya ce ko da wasa kar in faɗa wa kowa, Baba. Ya ce gara shi."

* * *

Na bi garken har bayan ganuwa. Makiyayin, Babaji, Bafillace ne mai furfura a gemu. Da ya ga na tsugunna ina duba ƙasa kusa da bukkarsa, sai ya aje sandarsa.

"Ba sai ka wahala ba, dattijo. Yana bayan bukka."

Ga shi kuwa, ya ƙoshi har yana ƙyalli. Babaji ya ce tsohuwa ce ta miƙo masa shi, ta ce na gidan Hussaini Mai-dawa ne. Da yamma kowace dabba ta shige gidansu, ragon ya tsaya tsakar lungu, don baƙo ne, kwana biyu da sayowa, bai san gida ba. Ya biyo shi. Ya tambayi gidan Hussaini Mai-dawa, ba wanda ya sani. Washegari ya ji an kama mutum.

"Ni Bafillace, da ragon sata a hannu, a wannan zamani? Ka faɗa mani, da kai ne ya za ka yi?"

"Da ni ne, da tuni na kai shi." Na sosa gemu. "Ko da yake ban sani ba."

Hussaini Mai-dawa, na ji daga baya, mijin Inna Baraka ne. Shekararsa goma sha biyu a kabari.

* * *

Barista Rashida ba ta zauna ba. Talata ta lallashi Jummai suka kai tsohuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, Laraba ta samo belin Ɗanliti. Daga can ba ta kai shi gida ba, sai zauren Alhaji Nu'uman, bayan la'asar. Na sa an kira liman da mai unguwa da Malam Yari, wanda ya zauna bakin ƙofa don kar a rufe shi ciki. Babaji na waje riƙe da rago.

Na tashi na yi bayani tun daga turke. Na ce ɓarawo ba ya shara, ba ya ba awaki ruwa, ba ya naɗe igiya ya rataye ta inda kowa zai gani. Wanda ya yi wannan, a zuciyarsa dabbarsa ya kai kiwo. Na kira Babaji ya shigo da rago. Zaure ya ɗauki salati.

Mai unguwa ya ce, "Wa ya ba ka shi?"

Babaji ya ce, "Wata tsohuwa."

"Ni na aike ta!" Ɗanliti ya miƙe. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. "Ni na ce ta kwanto shi. Ba ta san komi ba. Ni za a ɗaure."

Rashida ta ce a hankali, "Malam Ɗanliti, takardar likita na cikin jakata. Na yi maka alkawari ba zan fito da ita ba sai ka ce. Amma ka ji: likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, tashin hankalin da ta gani ya ƙara shi. Ba hauka ba ne, ba iska ba ne. Shari'a ba ta kama wanda bai san abin da yake yi ba. Ba mai taɓa ta."

"Shari'a!" Ya juyo gare ta. "Barista, shari'a ce za ta hana a ce uwata ɓarauniya? Ita za ta hana a riƙa nuna ta a lungu? A garinmu na ga yadda aka yi da wata, marin ƙarfe aka sa mata a ƙafa, a turke, kamar akuya. Uwata ce fa, matar da ta goya ni ta yi gudu da ni cikin gero shekarar yunwa. Gara in yi shekara biyu a kurkuku."

Ba wanda ya yi motsi. 

Alhaji Nu'uman ya cire hularsa ya aje a gwiwa.

Ya ce, "Liman, ka tuna shekara huɗun ƙarshe na mahaifina, da muka ce maku ƙafa ce ta hana shi fitowa masallaci? Ba ƙafa ba ce. Ƙafarshi ta fi tawa lahiya. Da sunan ƙanenshi yake kirana. Kullum sai ya nemi jakinshi zai tafi fatauci. Muka kulle shi a ɗaki don kunya, har ya rasu bai ƙara ganin lungun nan ba. Yau shekara tara, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

"Na sani!" Malam Yari ya buga cinya. "Na san ana ɓoye wani abu a gidan nan!"

Liman ne ya fara dariya, sannan kowa, har Alhaji yana share ido da hula. Yari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba da shi ake ba, sai ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ashe tsohuwar ba ni take nema ba." Ya ɗago kai. "To, ai ba mai wucewa lungun nan ban gan shi ba. In ta fito, ni zan maido ta. A kwance wayar nan daga ƙofa."

Alhaji ya ce, "Gobe da kaina zan je in janye ƙara. Amma ka faɗa da bakinka, ɗana, yadda ka faɗi waccan."

Ɗanliti ya dubi Alhaji. Sannan ya ce, "Ba ni ba ne." Ya juya ga Rashida. "Fito da ita, Barista."

Ta karanta takardar, ta fassara ta da Hausa, ta faɗi ranar da za a koma asibiti. Liman ya ce wadda Allah ya ɗauke wa alƙalami, wane ne mutum da zai rubuta mata laifi? Aka shafa fatiha.

* * *

Ni na raka shi gida.  Da muka kai ƙofa ya tsaya, ya goge fuska da hannun riga, ya gyara hula.

"Baba, in ba ta gane ni ba fa? Kwana bakwai."

"Shiga dai."

Inna na tabarmarta, tana tsince wake a faifai. Ta ɗago, ta ƙura masa ido.

Sai ta ɓata fuska.

"Ɗanliti! Tun safe sai yanzu? Tuwonka ya huce, sau biyu ina sa Jummai ta ɗumama."

Ya durƙusa gabanta, ya karɓi faifan daga hannunta.

"Yi haƙuri, Inna. Layi na iske a gidan mai."